Fiffiken Hagu

Kakana Barau kafinta ne a Kasala,
ƙofofi yake yi, da gadon igiya.
Ran nan wani ɗan Italiya ya sauka bayan Gash
da jirgi ɗan mitsitsi, kujera biyu,
fiffiken hagu ya yage kamar tsohuwar taguwa.

Kaka ya leƙa ciki ya yi dariya:
ashe katako ne, siririn haƙarƙari,
an lulluɓe da zane, an shafe da danƙo.
Ya ce, wanda ya ƙera wannan marowaci ne,
ko ƙusa ɗaya bai ƙara ba.

Kwana tara yana fiƙe itace,
yana auna kowane sili a tafin hannu.
Baƙon na tsugune, yana zana masa a ƙasa
yadda suka kewaya hasumiya su bakwai,
ya zo na biyu,
tazarar numfashi guda.

Ran tashi, farfela ta yi tari uku ta kama.
Jirgin ya bi gefen Dutsen Taka,
ya karkata, ya nuna wa rana ɗinkin kaka.

An ce ya hau, ya ƙi.
Ya ce ai hannunsa ya riga shi zuwa.

Ya rasu bai ji labarin tsere na gaba ba.
Guntun katakon da ya rage,
da shi muke tokare ƙofar shago
in iska ta taso daga wajen dutse.