Kuɗin Likkafani

Shekara sha biyar ina hawa sorayen Zengo
da tsani, da sufana, da ƴar tele a kafaɗa,
ina neman ka inda ido bai kai ba.
Ban taɓa ganin ka ba. Gurbinka dai na sani:
kudu maso yamma, can bisa duwatsun Birni.
In faranti ya dube ka, gida ya cika da murya.

An ce a tsaye kake. Ba haka ba ne.
Gudu kake daidai da juyin ƙasa,
kamar yaro riƙe da bakin zanen uwa a kasuwar Dole,
ya rage taki ɗaya, ya ɓata.
Wata ya ja ka, rana ta ja ka,
ka fesa ɗan mai, ka komo.
Ashe zama wuri ɗaya ma sayen sa ake.

Sau biyu a shekara rana kan laɓe bayanka,
hoto ya dagule ana tsakar ƙwallo,
waya ta ɗau kuka: Laminu, ka cuce mu!
In ce ku sa shayi, kafin ya tafasa ya dawo.

Bara ka fara layi.
Da hantsi tas, da almuru sai tsaki,
irin hannun Baba Kyari mai awo
da ya fara rawa, gero na zuba gefen tiya.

Gwaggo Tasalla na da ƙulli a gindin kwalla.
Shekarar fari ta sayar da akuya, ta sayar da tasa,
ƙullin nan ba ta kwance ba.
Ta ce kada a yi mini karo-karo ranar tafiya.
Kai ma, in ji masu sani, ka ɓoye naka:
kurɓin mai na ƙarshe, ba na aiki ba,
na hawa ne, ka matsa sama kaɗan,
ka kashe fitila, ka ba wani hanya.
Maƙabartarku ba rami, ba ƙaya a kai,
sai kewaya.

Daren Talata wani ya zauna gurbinka.
Ko ƙusa ɗaya ban kwance ba a garin nan.
Aka ci tuwo, aka kalli labarai.

Yanzu Habu ke hawa, ni ke riƙe tsani.
Ya leƙo ya ce, maigida, ya kama?
Na ce ya kama.
Idona na bisa da wurin da ɗan yatsa guda.