Baƙon da Ba Ya Sallama

Shekara talatin ina sauraron ƙirji a Bergamo,
na san tsohon ciwon huhu kamar maƙwabci.
Shi da sallama yake shigowa:
zazzaɓi mai kaɗa haƙora,
kaki mai launin tsatsa,
suka a haƙarƙari in an ja numfashi.
A hoto, ɗaki guda yake kamawa,
ya cika shi, fari fat kamar alli,
sauran gidan na shan iska.
In na ba shi allura, kwana kaɗan ya naɗe tabarmarsa.

Na bana ba haka yake ba.

Ermete, mai gidan burodin bayan coci,
da ƙafarsa ya zo, da gari a farce.
Ya ce, "Likita, ba wani abu ba ne,
burodina ne ya daina ƙamshi."
Tarinsa busasshe ƙayau.
Na maƙala masa na'ura a yatsa:
saba'in da takwas.
Na sake yatsa. Na sake na'ura.
Yana ta ba ni labarin jikarsa Nives,
leɓɓansa na rinewa shuɗi,
yana nutsewa a tsaye, bai ji ruwan ba.

Hoto ya fito.
Korona ba ta zaɓi ɗaki ba,
huhu biyun ta bi, gefe-gefe, can ƙasa,
dishi-dishi,
kamar tagar da yaro ya hura wa numfashi.

Allurar da na dogara da ita
bakteriya ta sani.
Wannan ƙwayar ko kallonta ba ta yi.

Kwana na takwas ya ce ya ji sauƙi, ya nemi takalmi.
Na tara, jikinsa ya ɗaura yaƙi,
masu gadi suka cinna wa gida wuta
don su kori ɓarawo.
Jini ya soma daskarewa a ƙananan hanyoyi.

Mu biyar muka juya shi rub da ciki
a hankali, yadda yake juya ƙullu,
don bayan huhu ya samu rabonsa.
Motocin asibiti na kuka a titi har asuba,
na daina ƙirga su.

Mako biyar.

Jiya ya hawo benena,
sau uku yana hutawa a matakala goma sha biyu.
Tsohon ciwon bai cika barin bashi irin wannan ba.
Ya ajiye burodi mai ɗumi a tebur,
ya ce, "Shinshina mini, Likita.
Gishirin na auna da ido,
sauran sai hancinki."