Tsani Biyu

Littafin ya iso ran Talata,
shafi ɗari da sittin da huɗu, rubutu kamar sahun kiyashi.
Na shimfiɗa shi kan teburin kicin
tsakanin kofin gahawa da kwalaben Ilona.
A waje, tafkin Duluth ya daskare har gaɓa,
jiragen tama sun ɗaure sai ƙanƙara ta narke.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin injin jirgi.
Na san kukan kowane ƙarfe,
na san bel ɗin da zai tsinke tun bai tsinke ba.
Ga ni yau, ni Arvo Lahti,
tabarau a karan hanci,
takarda ta kai ni ƙasa.

Suka ce maganin zuciyarta ya tashi
daga mataki na biyu zuwa na huɗu.
Na ce madalla, ƙarin girma ya samu.
Ashe kuɗin ne suka hau.
Ƙwayar na nan yadda take,
fara, ƙarama, da tsaga a tsakiya.

Na ciwon ƙugu kuwa, tun faɗuwar da ta yi a matakala,
an ce rukuni na biyu ne.
Biyu? Ai wannan mai sauƙi ke nan.
Sai yarinyar kantin magani, Marisol Quintero,
ta girgiza kai, ta juya bayan rasit,
ta zana mini tsani biyu da biro.

"Wannan na kamfanin inshora ne," in ji ta,
"kana hawa, aljihu na ramewa.
Wancan na gwamnati ne, a kife yake:
ƙaramar lamba, babban tsaro.
Na biyu ba a sake karɓarsa da tsohuwar takarda.
In ya ƙare, sai likita ya sake sa hannu,
ni kuma in buɗe akwatin ƙarfe in ƙirga."

Na ce, wa ke tsoron tsohuwa mai sanda?
Ta ce, "Ba ita ake tsoro ba."
Ta yi shiru, ta gyara wata kwalba da ba ta karkace ba.
"Ƙanena ya fara da irinsa. Na kakarmu ne."
Ban ƙara cewa komai ba.

Sauran kalmomin na koye su da guminsu.
"Izini tun kafin": ka roƙa, sannan ka ji ciwo.
"Gwaji mataki-mataki": a sha mai araha tukuna,
sai ya gaza a rubuce, a ba ka na gaske.
Minti arba'in da bakwai na riƙe waya
ana kaɗa mini goge ta cikin kunne,
kafin wata murya ta ce akwai ƙofar ɗaukaka ƙara,
shafi na tamanin da tara, can ƙasa,
inda babban yatsana ya rufe.

Ilona ta leƙo daga kujerarta, bargo a gwiwa.
"Ni a wane mataki suka sa ni?"
Na ce ba ki cikin jerin.
"To ka rubuta musu."

Na rubuta. Likita ya haɗa da tasa wasiƙar.
Amsa ba ta zo ba tukuna.
Rasit ɗin Marisol na manne jikin firji,
tsani ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon ƙasa.
Kowane daren Lahadi nakan zauna a ƙarƙashinsu
in cika ƙananan ɗakuna bakwai na akwatin roba,
fara da safe, shuɗiya da dare,
ina ƙirgawa a bayyane don ta ji,
ita kuma tana gyara mini lissafi
ko da ban yi kuskure ba.