Ba ta Shanya ba ce

Jaka arba'in na ƙirga wa Baba Zabairu,
ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado,
ya hure shi a hankali kamar mai tada garwashi.
Shekara talatin ya yi yana buga waya a gidan Posta,
har yau, in yana jiran a dama fura,
yatsansa kan yi zance a gefen ƙwarya.

Ni gyaran salula nake yi a Kasuwar Dole,
na ɗauka na san wuta, na san dalma.
Ya ce, "Haɗa waya ka iya, sauraro ne ba ka iya ba.
Wata uku kada ka taɓa makirufo.
Baƙon da bai ɗumama tabarma ba,
ba ya tsoma baki a zancen duniya."

Na auna tagulla, mita goma nan, goma can,
baki ɗaya a reshen dogon yaro,
ɗayan a kan dutsen bayan gidanmu
wanda ya cinye mana wanduna muna yara.
Da safe na fito, Inna Tamadi ta riga ni:
zannuwa uku, rigar jikanta, tsumman tukunya.
Na ce, Inna, ba ta shanya ba ce.
"To ta mece ce?"
Ta kamun magana ce.
Ta dube ni, ta dubi sama,
ta shige ɗaki da dariya.

Dare ya yi, kuran ya ɗauke,
na jona batirin mota, na murɗa.
Shuuu.
Irin kukan famfon unguwarmu
in ya yi alkawarin ruwa ya kawo iska.
Na murɗa kaɗan. Can ƙasan shuuu ɗin
wani na ƙirga haruffa da harshen da ban sani ba,
ya taso, ya nutse, ya sake tasowa
kamar guga a doguwar rijiya.

Na yi karatu irin wanda ban yi a lakwal ba.
Na aika takardu Yamai, damina ta zo ta wuce,
sannan lasisi ya iso da sabon suna,
biyar a gaba, harafi na bin ta,
suna ba rago, ba wanzami, ba goron gayya.

Kwana goma sha ɗaya ina kira.
Ko tari.
Na zagi akwatin, na zagi rana,
na zargi akuyar maƙwabta da cin waya.
Baba Zabairu ya zo da sandarsa, bai ce uffan ba,
ya taɓa mahaɗi ɗaya da farce, ya ɓalle.
Dalmata ce. Wadda nake taƙama da ita.
Na sake narkawa, kaina a ƙasa don kunya.

Daren Laraba, bayan lisha,
na kira sau uku, na saki maɓalli.
Sai ga sunana ya dawo mini
harafi bayan harafi, a bakin wani.
Jimlolin Faransanci da na tsara a takarda
suka watse kamar tsaki gaban kaji.
Na ce, "Ina wuni? Ina gajiya?"

Shiru.
Sai ya yi dariya, ya ba ni maki: biyar da uku.
Ya tambayi ina ne Zinder.
Kafin in ce masa Damagaram, garin duwatsu,
sama ta janye tabarmarta, ya tafi.
A littafi na rubuta rana da lokaci,
da rabin sunansa. Sauran yana hanya.

Da asuba Inna Tamadi na bakin murhu.
"Ta kama?"
Ta kama, Inna.
"Daga ina?"
Ban sani ba, amma ya ji ni.
Ta juya koko, ta ɗan yi shiru.
"Madalla. To sassauto mini gefe ɗaya,
in ba ta aiki da rana, in yi shanya."