Bencin Mato

Bayan isha'i, in an ɗaure jakuna a turke,
an toshe akurki, an suɗe kwanon tuwo,
sai mu gangara shagon Mato mai caji,
inda sola ɗaya a kan rufin kwano
ke shayar da wayoyin rabin garinmu.
Naira ɗari, ya tura maka fim huɗu,
in kai na gida ne, ya ɗora ɗaya gyara.

Baba Alto ba ya kallo, in ji shi.
Goro ya zo ci, iska ya zo sha.
Amma ta wutsiyar ido yake leƙen wayar Iro,
can sai ka ji tsaki:
"Wannan ne manomin nasu?
Dubi riƙon fartanya, sai ka ce ludayi.
Tafin hannunsa ko kanta babu.
Kuma a ina gero ya taɓa fid da kai
ƙasa tana bushe ƙamas, ko ciyawa ba ta tsiro ba?"

Iro na Indiya yake so, mai fassara.
Mutum ɗaya ya watsa ƙarti arba'in,
mota ta tashi sama ta juya sau uku,
gashin kansa ko motsi.
"Ƙarya ce," in ji Ɗan'azumi tela.
"Na sani," in ji Iro, "ai ita na saya.
Gaskiya kyauta nake samunta a gona tun asuba."

Mata ba sa zama a bencin, aike suke yi.
Tasalla ta turo ƙanenta da memori ƙulle a leda,
a sa mata kashi na sittin da biyu,
kuma wai a gaya wa Mato:
matar nan da jan-baki take farkawa daga barci,
gira a zane, ɗankwali bai goce ba.
Gidan nan mai bene, wata takwas tana kallonsa,
ba ta ga an ɗora tukunya ba ko sau ɗaya,
sai lemo a kofi, sai kuka, sai waya.
Wai me suke ci ne?

Hansai mai ƙosai ta fi son na Koriya
don ba sa ihu.
Ta ce maza ne, amma fuska sumul kamar ƙwai,
suna ɗaukar taliya da tsinke biyu
ko ɗigo ba ya taɓa riga.
Ta gwada rannan a ɓoye da tsinken tsire.
Ba ta faɗi yadda aka ƙare ba.

Ni, malamin aji huɗu,
cewa nake Hausarsu kawai nake dubawa.
Amma tun da yaron nan ya ɓace a tasha,
uwarsa tana bin gari gari da hotonsa a jaka,
ban ƙara gyara wa kowa kalma ba.

Ranar da kashin ƙarshe ya iso daga Ringim,
hadari ya kwana uku bai ɗaga ba.
Sola ta yi sanyi, wayoyi suka mutu bi da bi.
Ta Iro ce ta rage, da ɗan ja a kusurwa.
Kai goma sha ɗaya muka haɗa
a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba.
Uwar ta ɗago, saurayin ya waiwayo,
ya buɗe baki zai yi magana,
sai baƙi ƙirin.

Kwaɗi suka karɓe zancen.
Ɗan'azumi ya ce ai ba ɗanta ba ne, za ku gani.
Mato ya jawo ƙyaure, ya ce
kowa ya je gida ya ƙarasa da kansa.

Da safe ina ratsawa ta gonar riɗi,
Baba Alto ya dafa ƙota, ya yafito ni.
Ya dubi gabas, ya dubi yamma,
ya rage murya:
"Malam, ba don komai ba,
tabon nan na bayan kunnen yaron,
ta gani kuwa?"