Kwalbar Jelani

Daren farko tari ya zo kamar mai bin bashi,
bai yi sallama ba, ya shimfiɗa buzu a ƙirjina.
Ruwan Agusta ne ya kama ni a bayan ɗan kabu-kabu
tsakanin Gawon Nama da Mabera.
Na ce ai ni ba gishiri ba ne.
Da asuba na kunna lasifika zan kira salla,
murya ta tsinke a tsakiya kamar ruɓaɓɓen zare,
unguwa duka ta ji ladaninta yana tari.

Jelani mai kemis bai ɗaga kai daga wayarsa ba.
Ya miƙa hannu baya, ya zaro kwalba,
jan ruwa mai kauri, da hoton huhu a kwali.
"Wanga shi ka kashe shi, Malam. Cokali biyu, sahe da dare."
Dubu biyu da ɗari takwas.
Na ƙirga masa kuɗin cefanen Laraba.

Zaƙi ya fara, ɗaci ya biyo,
wani sanyi ya gangara maƙogwaro
kamar an buɗe taga a ɗakin da aka manta.
Na yi barci har na makara.
Tarin kuwa yana nan, ya gyara zama ne kawai.

Ran Juma'a Luba ta dawo daga jami'a,
ita da ke karatun haɗa magani.
Ta juya kwalin, ta karanta ƙananan rubutu,
ta yi dariyar da ta gada wurin uwarta.
"Baba, rabinsa sukari ne.
Akwai abin sa barci, shi ya kwantar da kai.
Sauran, malamanmu ma gardama suke a kansa.
Tarin mura baƙo ne mai ranar tafiya,
ko ka raka shi, ko ka ƙyale shi.
In ya wuce mako uku, ko ka ga jini,
ko numfashi ya gagara,
asibiti za mu, ba shagon Jelani ba."

Na ce yaro man kaza.
Na ci gaba da cokalina.

Kwana tara, kwana goma.
Ran sha ɗaya na farka ƙirji wasai,
na ja kiran salla har ana ji a bakin titi.
Na dawo gida na ɗaga kwalba sama
kamar wanda ya ciyo kofi,
ina neman Luba in ba ta amsa.

Ige ce ta ajiye muciya.
"Malam, kwalbarka ta ƙare tun ran Lahadi.
Kuɗin sabuwa babu,
sai na dafa soɓo da citta da kanumfari,
na zuba zuma, na cika maka.
Kwana huɗu kana shan girkina kana yabon Jelani."

Na duba kwalba.
Ja dai ja ne.

To wa ya kori baƙon?
Sukarin kamfani, ko zumar Ige,
ko kwanakin da suka shige ɗaya bayan ɗaya
ba su karɓi ko sisi ba?
Ko kuwa hannun nan nawa
da ya gaji da zama haka nan,
yana son abin ɗagawa zuwa baki
don zuciya ta ce an yi wani abu?

Luba ta ce har wannan yana da suna a littafinsu.
Ban tambaye ta sunan ba.

Jiya maƙwabcina Barmo ya tare ni a ƙofar masallaci,
yana tari kamar tsohon janareto.
"Mi ka sha, Malam, da ka warke haka?"
Na buɗe baki, na rufe.
Na ce ya turo yaro da kwalba,
uwargida ta san wurin da ake samu.