Kalangu a Aljihun Kawu

Injin niƙan Kawu Na-Allah, can bayan Ƙofar Guga,
ya cinye masa kunnen hagu tun ina aji uku,
na daman ma saura ƙiris.
Mace ta dire dawa kwano shida, ta ce, "Na tura,"
shi kuwa ya dubi leɓenta, ya dubi waya,
gari ya lulluɓe gilashin,
ƙarar shigowar kuɗi ta nutse a rurin inji
kamar allura a rijiya.

Na ce, to bari in koya wa wayar taɓa mutum.

Kwana uku a zaure, caji na kan kashi tara,
ina rubuta wa manhaja yadda za ta girgiza.
Ba girgizar kamfani ba,
wadda mai bin bashi da mai gaisuwar Juma'a
duk murya guda take ba su.
Magana na ɗora a sikeli na auna gaɓa-gaɓa:
kuɗi sun shigo,
gajere, dogo, dogo, gajere, dogo.
Gajeren na yanka masa arba'in cikin dubun daƙiƙa,
dogon ɗari da ashirin,
tsakaninsu ɗan numfashi.
In kuɗin sun maƙale a hanya, dogo biyu masu nauyi,
irin a'a ta dattijo.

Rubutu ɗaya na yi, ashe wayoyin ba uwarsu ɗaya ba.
Ta Rumasa'u, mai tambarin tuffa,
ta buga shi tsaf,
kamar baƙuwa mai kunya tana ƙwanƙwasa ƙyaure.
Tawa ta haɗiye gajerun, ta bar ni da dogayen.
Ta Kawu, mai fasasshen baya ɗaure da roba,
ta dunƙule biyar ɗin ta yi gurnani guda,
sai ka ce an danne bunsuru.

"Wagga mi ta ce?"
"Ta ce kuɗi sun shigo, Kawu."
"Ƙarya kake mata. Cikinta ke ciwo."

Ya sa na maimaita, ya manna ta a kunci,
ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.
Can ya miƙa hannu ya kashe injinsa.
Bel bai tsaya ba.
Ya ci gaba da juyi, yana ja, yana ja,
sai da na ƙirga bakwai ya kwanta.
"Ka gani? Abu mai juyawa ba ya jin tsaya nan take.
Ita ma wani ɗan ƙarfe ke juyi a cikinta.
Bar bugun yadda yake, yaro.
Shirun za ka ƙara."

Shekara huɗu a jami'a ba wanda ya gaya mini haka.

Na koma na buɗe shirun, na ninka shi uku.
Na kuma koya wa manhajar ladabi:
ta fara tambayar kowace waya, me kike iyawa?
Mai lallausan hannu a bar ta da taɓi,
mai kaushi a ba ta fili ta huce.

Ran Asabar ina tsaye da buhun masarar gidanmu,
ƙura ta tashi, ba mai jin wani,
na ga hannunsa ya kai aljihun ƙirji ya tsaya.
Bai ciro ta ba.
Ya gyaɗa wa matar kai, ya juye dawa a bakin inji.

Da la'asar ya kamo wuyan hannuna.
"Saura guda. In Tsahare ce ke kira daga Funtuwa,
kada ta zo mini kamar kuɗi."
Ya buga sau uku da ɗan yatsa, na ƙarshen ya daɗe,
gari ya bar fararen ɗigo uku a fatata.
Na taho gida hannu a sama kamar mai ƙunshi,
ina ta lissafin
dubun daƙiƙa nawa ne na ukun nan.